Tsini-biyu: halittar da dutsen Malbaza bai riƙe ba

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Birnin Ƙwanni ya nufi gabas, idan ya wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, ba ya bukatar a gaya masa ya kusa Malbaza: farar ƙura da manyan motoci masu jiran lodin siminti sun isa shaida. Tun shekarun 1960, zamanin mulkin Diori Hamani, ake fasa farin dutse a wannan wuri, a haɗa shi da yumɓu, a ƙona cikin wuta mai zafin digiri 1450, sa'an nan a niƙa a ɗura a buhu. Ɗan kasuwa ya san kuɗin buhun, ma'aikaci ya san adadin da zai ishe shi ya ɗaga ɗaki biyu da zaure. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, dutsen da ake fasawa ƙasan teku ne.

Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa a can zamanin da, tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, ruwan teku ya sha malalowa cikin tsakiyar Afirka ta yamma, ya janye, ya kuma dawowa. Teku ne mai ɗumi, marar zurfi ƙwarai, ya rufe ƙasar Adar da ta Ƙwanni da ta Sakkwato har zuwa gabashin Mali. Farin dutsen Malbaza ya kwanta kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, kuma ba kome ba ne face kwanson ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka taru bisa juna har suka daskare. Irinsa ne ake haƙa a Kalambaina, kusa da Sakkwato, inda su ma suke da gidan siminti. Iyakar da Turawa suka shata ta raba mutane, ba ta raba dutse ba. Tun 1903 wani masani a Paris, Albert de Lapparent, ya ba da labarin kwanson halittun teku da sojan Faransa suka tsinto wajen Tamaske. A 1904 wani a London, mai suna Bather, ya bayyana bushiyar teku da ta zama dutse, wadda aka aika masa daga wannan yanki. Daga baya aka tono haƙoran manyan kifaye, da ƙasusuwan kada da na ƙififiya, da na wani ƙaton ƙadangaren ruwa da aka raɗa wa sunan Goronyo a 1972.

Sai dai dutse marubuci ne mai son kai. Kamar kundin haraji yake, ba ya ɗaukar sunan kowa sai mai abin hannu: wanda yake da ƙashi, ko haƙori, ko kwanso. Halittar da jikinta tsoka ce zalla takan ruɓe cikin ƴan kwanaki, ba ta bar ko sawu ba. A cikin waɗanda dutse ba ya riƙewa akwai wata ƴar halitta da filin wannan mako zai yi magana a kanta, domin masana sun fi shekara 150 suna cewa wanda bai san ta ba bai gama sanin ƙashin bayansa ba.

Littattafan lise suna kiranta amfiyoksus, kalmar Girkanci mai nufin abin da ya yi tsini gaba da baya. Faransawa da Ingilishi kuma suna ce mata ƙaramin mashi. Tun da Hausa ba ta taɓa haɗuwa da ita ba balle ta yi mata suna, a nan za a kira ta tsini-biyu. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, santimita 5 ko 6, wasu ƙasa da haka. Siririya ce, fara, har ana hango cikinta, ga ta shafaffa a gefe kamar ganyen turare. Wanda ya gan ta a tafin hannu zai ce ɗan kifi ne da bai gama girma ba. In ya duba da kyau sai ya ga ba ta da kai irin na kifi: babu ƙoƙon kai, babu muƙamuƙi, babu idanu biyu, sai wani ɗigo a gaba da ke rarrabe haske da duhu. Ba ta da ƙashi ko ɗaya. Ba ta da zuciya. Jijiyoyin jini ne da kansu suke matsewa suna tura jinin, jinin kuma ba ja ba ne, fari ne kamar ruwa.

Zamanta a bakin teku ne, inda ruwa ba zurfi kuma yashi yana da tsabta. Takan nutsa jikinta cikin yashin ta bar baki kaɗai a waje. Ba ta farauta, tankaɗe take yi. Wasu ƙananan gasu ne a maƙogwaronta suke kaɗawa ba dare ba rana suna jawo ruwa. Ruwan ya shiga ta baki, ya fita ta tsagogi masu ɗimbin yawa da ke jere a gefen maƙogwaron, ƙananan tsirrai da ke cikinsa kuma su manne a wani yauƙi, yauƙin ya naɗe su ya kai hanji. In an taɓa ta sai ta yi tsalle ta yi iyo na ɗan taƙi, ta koma ta shige yashi cikin ƙiftawar ido. Akwai maza akwai mata. In lokacin haihuwa ya zo, bayan faɗuwar rana, kowa ya zubar da nasa iri cikin ruwa, can suke haɗuwa. Ɗan da ke fitowa karkatacce ne, bakinsa a gefen hagu yake, sai ya yi makonni yana yawo cikin ruwa kafin jikinsa ya daidaita ya sauka cikin yashi.

Iri wajen 30 aka sani a duniya duka, an kasa su gida uku: Branchiostoma, da Epigonichthys, da Asymmetron. Kuma ba sai an je Turai ba. Ƴan kasuwar Galmi da ke kai albasa bakin teku sun sha tsayawa kusa da ita ba su sani ba. A 1955 wani malamin jami'ar Ibadan, J. E. Webb, ya bayyana irin da ke zaune a gaɓar Ikko, ya sa masa suna Branchiostoma nigeriense. Shi ne kuma ya bayyana na Senegal da na Takoradi. Binciken da ya yi a tafkin Ikko ya nuna wani abin sha'awa: da rani, sa'ad da ruwan teku ya shigo tafkin ya yi gishiri, ƴaƴan tsini-biyu sukan shigo su cika yashi, da damina ta sauka, koguna suka kawo ruwan daɗi, gishirin ya tsinke, sai su mutu, sai kuma wata shekara sababbi su shigo daga teku. Ƴan ci-rani ke nan, sai dai su ba su komawa gida.

A ƙasar Sin har cinta ake yi. Masunta na wajen birnin Shiyamen sun daɗe suna kwasar yashi suna tace ta, kuma a farkon ƙarni na 20 an ƙiyasta abin da suke kamawa da tan 35 a shekara. A shekarun 1950 aka gina madatsa a mashigin ruwan, taɓo ya rufe yashin, sana'ar ta durƙushe. Yanzu doka ce ke tsaron abin da ya rage.

To, me ya ɗaga darajar wannan ƴar aba a wurin masana? Amsar tana cikin tarihin yadda aka yi ta neman gidan da za a sa ta.

Wanda ya fara rubuta labarinta shi ne Peter Simon Pallas, a 1774, daga wadda aka kamo a gaɓar Ingila. Ya dube ta ya ce dodon koɗi ce marar kwanso, ya jefa ta cikin wannan gida, ta yi shekara 60 a can. A 1834 Costa, mutumin Napoli ta ƙasar Italiya, ya ga ba haka ba ne, ya matso da ita kusa da kifaye. A 1836 Yarrell na Ingila ya ba ta sunan amfiyoksus. Abin da suka lura da shi wata sanda ce mai lanƙwasa da ta bi tsawon bayanta daga tsini zuwa tsini. Ba ƙashi ba ce, ba guringuntsi ba ce. Jerin faya-fayai ne masu taushi a cikin kube mai tauri, ana iya kiranta tsirkiyar baya. Ita ce ke hana jikin tattarewa in tsoka ta ja, shi ya sa jan ke zama kaɗawa hagu da dama. A bisa wannan tsirkiya kuma laka ce a shimfiɗe, mai rami a tsakiya. Wannan tsari, laka a sama, tsirkiya a tsakiya, hanji a ƙasa, shi ne tsarin kifi da kwaɗo da maciji da tsuntsu da raƙumi da ɗan Adam. Tsutsa da fara da kunama nasu a juye yake, babbar jijiyarsu ta ƙasan ciki take bi.

Wani Barashe, Aleksandar Kowalevsky, ya ƙara ƙarfafa maganar a 1866 da 1867, da ya bi girman ƴan tayin waɗannan halittu da madubin ƙara girma. Ya ga ɗan tayin tsini-biyu yana ginuwa kamar na masu ƙashin baya. Ya kuma gano abin da ya fi wannan ban mamaki a jikin wata halitta da ke manne a duwatsun teku, mai kama da salka, wadda in an matsa ta take feso ruwa. Babbarta ba ta da kama da dabba ma sam. Amma ɗanta kamar talibambam yake, yana da wutsiya, da tsirkiya, da laka. Sai ya sami wurin zama ya manne, ya narkar da su. Daga nan aka haɗa babban gida guda na masu tsirkiya, mai ɗaki uku: ɗakin masu ƙashin baya, da suka haura iri 65,000, ɗakin salkar teku, wajen iri 3,000, da ɗakin tsini-biyu, mai mutum talatin kacal.

Fiye da shekara ɗari littattafai suna koyar da cewa tsini-biyu ce mafi kusa da masu ƙashin baya, salkar teku kuwa dangi ce ta nesa. Ido ma haka zai ce. Amma kama da wane ba ta wane. A 2006 wasu masana, a cikinsu har da Frédéric Delsuc da Hervé Philippe, suka gwama ƙwayoyin gado masu yawa na waɗannan halittu, sakamakon ya fito a juye: salkar nan marar fasali ita ce ta kusa, tsini-biyu ita ta fara rabuwa da sauran. Da aka karanta kundin gadon tsini-biyu gaba ɗaya a 2008, ya tabbatar da haka. Ya kuma nuna dalilin da ya sa ta zama abin aunawa: inda take da kwafi ɗaya na wani sashen gado, masu ƙashin baya sau da yawa suna da har huɗu, alamar cewa kundin nasu ya ninku sau biyu tun can farko, nata kuwa ya zauna yadda yake. Malamin da har yanzu yake karantar da ɗalibai da littafin da aka buga kafin 2006, to, tsohon labari yake ba su a wannan babi, kuma ba laifinsa ba ne in ba a kawo masa sabo ba.

A nan ya kamata a gyara wata magana da ake yawan ji a bakin waɗanda suka tsinci ilimin a gefen hanya, wai masana sun ce wannan tsutsa ce kakar mutane. Ba su ce ba. Tsini-biyun da ke cikin yashin Ikko yau, zamaninta ɗaya da mai karatu. Abin da masana halittu suke faɗi shi ne ita da masu ƙashin baya tushensu ɗaya, sun rabu fiye da shekaru miliyan 500 da suka wuce, ita kuma ba ta sake kamanni da yawa ba tun lokacin. Taubashiya ce da ta zauna ƙauye ta riƙe tsohuwar shiga. Mutum na iya karɓar wannan bayani ko ya yi jayayya da shi, amma tsirkiya da laka da tsagogin maƙogwaro suna nan ga duk mai madubi.

Shaidar dutse a kan wannan tsohon zamani kaɗan ce, saboda dalilin da aka faɗa tun farko. Sai a wurare ƙalilan, inda laka mai laushi ta rufe halittu farat ɗaya kafin su ruɓe, ake samun hoton masu taushin jiki. A duwatsun yammacin Kanada, Charles Walcott ya bayyana wata mai suna Pikaia a 1911, mai shekaru sama da miliyan 500, ya ce tsutsa ce. A ƙarshen shekarun 1970 aka sake dubawa aka maido ta gidan masu tsirkiya. A 2024 kuma wasu suka kawo hujjar cewa duk tsawon wannan lokaci a kife ake kallonta, abin da ake ce wa baya shi ne ciki. Dutsen Malbaza ba irin wannan ba ne, kuma yaro ne ƙwarai a kan na Kanada. Ya riƙe kada da kifi da kwanso, ya saki duk wani mai taushi da ya zauna cikin yashin wancan teku.

Saura abin da ya shafi mai karatu a jikinsa, kuma abu biyu ne.

Na farko yana gadon baya. Kowane ɗan Adam, a mako na uku cikin mahaifa, yana da tsirkiya irin ta tsini-biyu. Ita ce ke ba da umurnin inda laka za ta kwanta, a kewayenta kuma ƙasusuwan baya suke ginuwa. In sun ginu sai ta ɓace, ban da ɗan abin da ya rage tsakanin ƙashi da ƙashi. A gadon bayan mutum akwai matasai 23 da ke raba ƙasusuwan don kada su goge juna, kowanne kuma yana da wani abu mai yauƙi a tsakiyarsa. Wannan yauƙi shi ne ragowar tsirkiya. Ɗan dakon da ya sunkuya ya ɗaga buhun siminti mai kilo 50 da bayansa maimakon gwiwoyinsa, da direban da ya kwana bisa kujera daga Kwatano zuwa Ƙwanni, da ma'aikacin da ya shekara ashirin a kan kujerar ofis, idan wata rana ciwo ya tsarga musu daga ƙugu ya sauka ƙafa, likita ya ce matashin ya fashe ya danne jijiya, to, abin da ya tsarto ɗin nan shi ne.

Na biyu yana wuya, kuma ya fi na farko nauyi. An ce yauƙi ne ke kama wa tsini-biyu abinci. Wani ɗan kwari ne a ƙasan maƙogwaronta yake yin wannan yauƙi. A shekarun 1950 masana suka gano cewa wannan kwari yana tsotsar wani sinadari daga ruwan teku yana tarawa, wato aidin, wanda ake rubutawa iode a bisa buhun gishiri. Akwai kuma wani kifi marar muƙamuƙi, dogo kamar maciji, da Faransawa ke kira lamproie: ɗansa yana zama cikin taɓo shekaru yana tace abinci da irin wannan kwari, ranar da ya tashi zama babba sai kwarin ya rufe ya koma ƙullutun da ke gaban wuya, wanda likitoci ke kira tiroyid. A gaban ido ake ganin wannan juyi, ba ƙiyasi ba ne. Ke nan abin da tsini-biyu ke tankaɗe da shi, da abin da ke gaban wuyan mutum, gidansu ɗaya, kuma dukansu aidin suke nema.

Bambancin shi ne ita tana kwance cikin teku, inda aidin yake, mutumin Malbaza kuwa teku ya bar ƙasarsa tun shekaru miliyan 50, wanda ya fi kusa yanzu yana nesa da fiye da kilomita 800. Ƙasar da ta yi nisa da teku, wadda ruwan sama ya daɗe yana wankewa, aidin ɗinta kaɗan ne, haka ma hatsin da ta ba da. Gero kansa, in shi ne ci safe da dare, yana ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tiroyid ƙarfi, kamar yadda bincike ya nuna a yammacin Sudan. Idan ƙullutun ya rasa aidin sai ya yi ta kumbura don ya kamo ɗan abin da ke cikin jini. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo. Ba maita ba ce, ba kuma gashin da aka haɗiya a ruwa ba ne.

Maƙoƙon da ake gani ma shi ne mai sauƙi. Wanda ba a gani ya fi ɓarna: mace mai ciki da ta rasa aidin tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa da ƙwaƙwalwarsa ba ta ginu yadda ya kamata ba, ya shiga lakwal ya yi ta maimaita aji ana ce masa daƙiƙi. Abin da jiki ke bukata kuwa bai taka kara ya karya ba: mikrogram 150 a yini ga baligi, 250 ga mai ciki, wato abin da bai cika ƙaramin cokali ba a tsawon rayuwar mutum. Ƙasar Suwis ta fara zuba shi a gishiri tun 1922. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka nemi a zuba shi a duk gishirin da mutane da dabbobi ke ci, Nijar ma ta kafa dokar haka tun tsakiyar shekarun 1990.

Doka kuwa a hannun mutum biyu take, kuma su ne masu karanta wannan shafi: ɗan kasuwar da ya saro gishiri, da ma'aikacin duwan ko na lafiya da ya tsaya a bakin iyaka. Gwajin ba shi da wuya, ɗigo ɗaya ne na ruwan gwaji bisa gishirin. In akwai aidin sai ya rine ya yi shuɗi, in babu ya zauna fari. Gishirin gargajiya da ake haƙowa ko dafawa a cikin ƙasa, kantu ne ko na Foga, yana da daɗinsa da masu sonsa, amma in ba a bi da shi inda ake haɗa masa aidin ba, ba ya biyan wannan bukata. Wanda aka haɗa ɗin ma yana da sharaɗi: buhun da aka bari a buɗe, rana ta doke shi, raɓa ta jiƙa shi wata da watanni a bakin rumfa, aidin ɗinsa yana raguwa tun kafin ya kai tukunya.